Jinjina ga Masu Mulkin Sararin Samaniyar Benin

Albishirinku mutanen Garou, da na Madecali da Guene, da duk mai wanke ƙafa a kogin Kwara daga Malanville har bakin iyakar Kebbi. Jamhuriyar Benin ta farfaɗo da ƙarfinta na yaƙin sama. Ba a kafa kwamiti ba, ba a ƙara wa mai albasa haraji ba, ba a ɗaure ko ƙusa ɗaya a jikin jirgi ba. A yini guda aka fara aka gama, ranar Lahadi 7 ga Disamba 2025, tsakanin asuba da lisha. Wasu ƙasashe sai su shekara ashirin suna tara kuɗi, suna tura samari ƙetare koyon tuƙi, suna gina rumfunan ajiye jirage, kafin su ji rugugin jirgin yaƙi a kan babban birninsu. Manyanmu na Kwatano, masu dogon nazari, masu hango gobe tun shekaranjiya, takarda kawai suka rubuta.

Ga yadda aka yi, don masu tasowa su haddace. Da sanyin safiyar ranar wasu sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Pascal Tigri suka bayyana a gidan talabijin na ƙasa, suka ce sun sauke Shugaba Patrice Talon. Kafin rana ta faɗi, buƙatar Kwatano ta isa Abuja, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarni, jiragen yaƙin Najeriya suka mamaye sararin samaniyar Benin, aka yi wa barikin Togbin ruwan wuta, inda masu tawayen suka ja daga. ECOWAS ta ce dakarunta na ko-ta-kwana suna tafe daga Najeriya da Ghana da Kwaddibuwa da Saliyo. Faransa ta ce ita ma ta sa hannu da leƙen asiri da taimakon jigila. Majalisar Dattawan Najeriya kuwa, mai kunya, mai gudun tare wa alheri hanya, sai ranar Talata ta zauna ta ba da izinin aikin da aka fara tun Lahadi.

Gaishe ki rundunar sama ta Benin! Gaggafar da ba ta gajiyar da fiffike, shaho mai farauta da faratan maƙwabci, hadarin da ke haɗuwa a gabas ya zuba a Kwatano, uwar ɗakin matuƙan da ba ki biya ba, mai tsawa da maƙogwaron wani. Wace runduna ce a duniya ta kai ki tsabtar suna? Abokin gaba bai kakkaɓo miki jirgin yaƙi ba, makaniki bai sace miki kayan gyaransa ba, tsatsa ba ta ci shi a rumfa ba. Manyan dauloli masu ɗaruruwan jirage kullum suna cikin zullumin wanda zai faɗi. Ke kuwa barcinki kike yi da minshari.

Mahassada, waɗanda ba sa rasa abin faɗi ko a ranar salla, sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Sun yi gaggawa. Da sun tsaya sun tambaya katarar wa ake nufi, da sun ga cewa an auna rigar daidai da wadda ake son rufewa, ta kuma rufe ta ruf, har da rarar yadi. Sauran katarorin ƙasa, mutum miliyan goma sha wani abu, ai sun saba da iska.

A duba lissafin ma. Najeriya ta zuba kusan dala miliyan 500 kafin Amurka ta miƙa mata jiragen Super Tucano goma sha biyu a 2021, ta kai su Kainji ta ajiye. Bayan kuɗin saye ga mai, ga kayan gyara, ga albashin matuƙa, ga sharuɗɗan mai sayarwa. Benin ta sami amfanin rundunar sama sukutum a kan kuɗin tawada. Ba banza ba aka ce ƙasar ta iya tattali, har masu ba da bashi na duniya suna yaba mata. Akwai kuma wata hikima da ta fi ta kuɗi zurfi, wadda sai mai basirar mulki ke gane ta: jirgin da ba ka da shi ba ya juya maka baya. Motoci masu sulke sun nuna halinsu ranar Lahadin nan, duk wanda ya riƙe makulli shi suke bi. Da a ce akwai jiragen yaƙi a barikin ƙasar, wa ya san wanda matuƙi zai gaisar da safen? Amma jirgin da ke kwana a wata ƙasa, yana cin man wata ƙasa, yana jiran sa hannun wani shugaba, wannan amintacce ne har abada, muddin shugabannin biyu suna gaisawa.

Wannan tsari ba yau aka fara shi ba, gado ne. Ranar 16 ga Janairu 1977, ita ma Lahadi, wani jirgi ƙirar DC-7 ya sauka a filin jirgin saman Kwatano ba sallama, cike da sojojin haya na Bafaranshen nan Bob Denard, sun zo kifar da Shugaba Mathieu Kérékou. Sojojin ƙasa suka tare su da wuta, baƙin suka koma cikin jirginsu a guje har suka mance da akwatin takardunsu, jirgin ya ɗaga ya kama hanyar Gabon. Babu abin da ya bi shi a sama. Ina aka taɓa ganin karamci irin wannan, a ce baƙo ya zo da bindiga amma ba a takura masa da rakiya ba? Kusan shekara arba'in da tara bayan haka, samanmu tana nan a buɗe ga baƙi kamar yadda magabata suka bar ta. Ci gaban da aka samu shi ne yanzu mu ke zaɓen baƙon, mu aika masa da goron gayyata.

Kada kuma wani ya ce an mance da arewa a harkar sama. A Tourou, kusa da Parakou, an gina katafaren filin jirgi, aka ƙaddamar da shi a 2016 a ƙarshen mulkin Boni Yayi, sannan aka shekara da shekaru ana kiyaye shi daga tayoyin jirage don kada kwalta ta goge. Jikokinmu za su gaje shi sabo fil. An kuma karrama jarumin arewa Bio Guera, namijin Borgu da ya yi wa Faransawa tsaye har suka kashe shi a 1916: a 2022 aka ƙera shi bisa doki, aka kai shi kudu aka tsayar a hanyar filin jirgin saman Kwatano, ba nisa da mutum-mutumin jarumar Dahomey mai tsawon mita 30. Haka ya dace. Jarumin arewa in ya cika jarumi, wurin aikinsa gadin birnin manya.

Abokan arziki kuwa, sai dai mu ce Allah ya bar zumunci. Emmanuel Macron ya tako har Kwatano a Yulin 2022 ya yi alkawarin kayan aiki. Paul Kagame na Ruwanda ya zo a Afrilun 2023 aka yi zancen taimakon soja. Sin ta kawo jirage marasa matuƙa, Tarayyar Turai ta ware kuɗin jirgin leƙen asiri, Amurka da Faransa suka turo motoci masu sulke. An jera su a fili, an yi fareti, jakadu sun yi jawabi, an miƙa makullai ana murmushi. Ga rundunar Mirador da aka kafa a 2022 da sojoji kusan 3,000 don tsaron arewa, ga 'yan jirage masu saukar ungulu. Mafi yawan abin da ke tashi sama a cikin kyautar nan ido ne, kuma ido ba ƙaramar ni'ima ba ce. A da, in abu ya faru a gandun dajin W na arewa sai dai a ji labari bayan kwana biyu daga bakin makiyayi. Yanzu ana iya ganinsa daga sama, a ɗauki hotonsa tas, a sa masa kwanan wata, a adana.

Daga Kwatano zuwa Malanville tafiyar sama da kilomita 700 ce a mota. Jirgin yaƙi ba ya ɗaukar wannan a bakin komai, amma manya sun san abin da yaro bai sani ba: ba kowane kira ne ya cancanci a tada maƙwabci daga barci ba. Ranar 8 ga Janairu 2025 mayaƙan ƙungiyar JNIM mai iƙirarin jihadi suka afka wa sansanin soja a mahaɗar iyakokin Benin da Nijar da Burkina Faso, aka rasa sojoji 28. Ranar 17 ga Afrilu suka dawo, nan da wajen magangarar ruwa ta Koudou, aka rasa 54. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Dubi dattakon da aka nuna. Da farko takwas aka faɗa, don tausaya wa zukatan jama'a, sai bayan kwana shida kakakin gwamnati ya cika lissafin, ya kuma bayyana cewa maƙwabta ne ba sa tsare nasu ɓangaren. Babu wata sanarwa daga Abuja cewa jirage sun mamaye sararin yankin Alibori na arewa. ECOWAS ba ta ɗaura wa dakarun ƙasashe huɗu takalmi ba. An bar mamata cikin natsuwa, ba a dame su da ƙarar inji ba.

Ba wai sama kurma ba ce. A Fabrairun 2022 bama-baman da aka binne a hanyoyin dajin W sun kashe mutum tara, cikinsu har da wani Bafaranshe mai horar da masu gadin daji. Ba a cika mako ba jiragen rundunar Barkhane ta Faransa suka bi sawun maharan cikin Burkina Faso, Faransa ta ce ta kashe arba'in. Ashe sama tana ji sarai, sai dai tana da tarbiyya, ta san muryar da ake amsa wa a tsaye da wadda ake amsa wa a zaune. Kujerar mulki ta yi tari, a amsa mata kafin magariba. Bature ya faɗi, a amsa cikin kwanaki. Ɗan talaka mai kaki ya faɗi, a karanta masa takardar ta'aziyya da Faransanci mai kyau. Tsari ke nan, kuma ƙasar da ba ta da tsari ba ƙasa ba ce.

Su ma jaruman 7 ga Disamba kada a ci musu haƙƙi. A cikin dalilan da suka karanta wa duniya har da taɓarɓarewar tsaro a arewa da watsi da 'yan'uwansu da suka kwanta dama a fagen daga. Kishin arewa ya ci su ya cinye, har suka rasa inda za su kai shi sai gidan talabijin da ke bakin teku. Da suka ga Alibori na cin wuta, sai suka ɗebi makaman da aka saya don Alibori suka nufi ɗakin watsa labarai da su. Kuma Allah ya amsa musu: koken arewa, wanda ya daɗe yana neman jirgi, ranar ya samu jirgi, a kudu.

Ba za mu yi rowar yabo ga ƙetaren kogi ba, domin mutumin Garou in ya ɗaga kai Nijar yake gani, kuma da wuya ka sami gidan da ba shi da dangi a Gaya. Gaishe ku manyan Yamai, masu 'yancin da ba ya shan ruwa da maƙwabci, masu garkuwar kwantena, masu toshe gada don kada iska ta shigo da Faransa! Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kawo Janar Abdourahamane Tiani, ƙasashen biyu suka shiga gasar nuna wa juna ƙauna. Kwatano ta bi umarnin ECOWAS ta rufe iyaka da ƙwazon sabon ɗalibi. Yamai ta soke yarjejeniyar soja da Benin a Satumbar shekarar. Da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, Yamai ta bar kwantenoninta a kan gadar Malanville da Gaya, ta ce Benin na ɓoye sansanonin Faransa, Kwatano ta ce a zo a nuna mata. Har ranar da jiragen Najeriya suka yi shawagi a Kwatano, gadar tana nan a toshe. Nijar tana da jirage marasa matuƙa na Turkiyya, Benin tana da nata idanun, dajin kuma ɗaya ne, maharan ma ɗaya ne. Ƙaramin tunani zai ce a haɗa ido biyu a kalli abu guda. Babban tunani ya ce kowa ya sa nasa ido a kan ɗan'uwansa.

Ai ma an yi abin bisa doka. Ƙasashen nan sun kai ƙarar juna har kotun duniya da ke Hague, ranar 12 ga Yuli 2005 ta ba Nijar tsibirin Lete, ta shata musu iyaka a cikin ruwa. Tun daga nan kowane soja ya san inda ƙasarsa ta ƙare, kuma can yake tsayawa cak. Masu babura da bindiga ne kawai ba su karanta hukuncin ba. Su kaɗai suka rage a yankin nan masu aiki da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kan zirga-zirga ba shamaki: su yi sallar asuba a wata ƙasa, su yi aika-aika a ta biyu, su kwana a ta uku, babu mai tambayarsu katin shaida. Sai kuma ɗanyen mai, mai alfarma, ɗan gatan gwamnatoci biyu, wanda bayan ɗan yajin da ya yi a 2024 ya ci gaba da bin bututunsa na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme, yana ratsa iyakar da aka ce a rufe take. Buhun masara da na albasa su ne ba su da uwa a gindin murhu. A sauke su daga mota, a ɗora a kai, a zuba a kwalekwale, a biya nan a biya can, a sake lodawa a ƙetare. Ta haka aka farfaɗo da sana'ar fito ta kakanni, wadda gada ta so ta kashe.

Babban yabo dai na Abuja ne, babbar yaya, giwar da ba ta ƙyashin aron haure. Kwana ashirin kafin ranar 7 ga Disamba, 'yan bindiga sun kwashe 'yan mata 25 daga makarantar Maga a jihar Kebbi. Ranar 21 ga Nuwamba aka kwashe yara sama da ɗari biyu daga makarantar Papiri a jihar Neja, ba nisa da Kainji inda Super Tucano ke kwana. Ranar da jirage suka tashi zuwa Kwatano, da yawa cikin yaran Papiri suna daji tukuna. Wa ya kai wannan sadaukarwa? Magabata sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, kuma malaman siyasa sun yi ittifaƙi cewa ɗan'uwan gemun shugaba shi ne gemun wani shugaban. Yaran makaranta ba su da gemu, saboda haka hukuncin bai hau kansu ba. Don kuma a nuna cewa aro ba abin kunya ba ne, kwana goma sha takwas bayan shawagin Kwatano, ranar 25 ga Disamba, Amurka ta harba makamanta cikin jihar Sakkwato, Abuja ta ce da saninta aka yi. Mai ba da aro shi ma ya ara. Silsila ce mai albarka, ƙarami ya jingina da babba, babba ya jingina da wanda ya fi shi, talaka kuma ya riƙe su duka daga ƙasa.

A nan ne mutanen Garou ya kamata su gane gatan da aka yi musu. Ƙauyawa da yawa sun roƙi jirgi, kuma wasu sun samu. Ya je Rann a jihar Borno ranar 17 ga Janairu 2017, ya sauke kayansa a sansanin 'yan gudun hijira. Maras matuƙi na sojan ƙasa ya je Tudun Biri a jihar Kaduna ranar 3 ga Disamba 2023, ana tsakar Mauludi, mutum sama da tamanin suka riga mu gidan gaskiya. Ya je ƙauyukan Silame a jihar Sakkwato a Disambar 2024. Manyan Kwatano, masu tausayin na ƙasa da su, sun duba wannan tarihi suka ce a'a, ba za su jefa talakawansu cikin haɗari ba, in jirgi zai zo ya zo kansu su kaɗai. Sun ɗauke mana nauyin kariya gaba ɗaya, sun ɗora wa kansu. Wanda bai gode wa wannan ba, ba zai gode wa komai ba.

Kuma ba a bar mu hannu rabbana ba. Duk wanda ya shiga fadamun shinkafa na bakin Kwara lokacin da ta fara nuna ya ga rundunar tsaron sama ta Garou a bakin aiki: yara a kan rumfuna tun fitowar rana, da majajjawa, da gwangwanaye a jikin igiya, da maƙogwaro, suna fafatawa da jan-baki masu zuwa dubu-dubu. Ba su da jakadan da ya miƙa musu makulli, ba a taɓa yi musu fareti ba, ba su aika wa kowa takarda ba, kuma makamansu duka ƙirar gida ne. In dare ya yi sauro ya karɓi sararin, shi ma ba ya neman izinin majalisa. In damina ta yi nisa kogi ya cika ya shigo gonaki da gidaje, kamar yadda ya saba yi wa Malanville da Karimama, sai a ƙara da rundunar ruwa. Ƙaramar hukumar da ke da wannan duka, me za ta yi da jirgin da ke shan mai?

Duk da haka, ranku ya daɗe, tunda mai roƙo ba ya rasa abin roƙo ko a gidan da aka ƙosar da shi, muna da 'yar buƙata guda, ba ta kuɗi ba ce. Ba mu ce a sayi jirgi ba, Allah ya kiyaye mu da ɓarnar dukiya. Ba mu ce a sasanta da Yamai ba, mun san girma ba ya barin babba ya fara sallama. Tunda an tabbatar a gaban duniya cewa jiragen ƙawance suna sanin hanyar duk inda gidan talabijin da kujerar mulki suke, muna roƙon a gina mana reshen gidan talabijin na ƙasa a Garou, ko ɗaki ɗaya ne, a kuma aro mana kujera guda daga fadar shugaban ƙasa ta Marina, ko wadda ƙafarta ta karye, a ajiye a ciki. Fili kyauta ne, bulo mu za mu buga, gadi kuma yaranmu na fadama sun iya.